Yadda ake lissafa ma'aunin h na mai bincike

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Amurka, shi ya fito da wannan ma'auni a 2005. Ma'aunin yana haɗa yawan maƙalun mai bincike da yawan ambatonsu, wato sau nawa aka kafa hujja da su a wasu maƙalu.

1. Shiga Google Scholar ko Scopus, wato shafukan neman maƙalun bincike a intanet, ka tattaro duk maƙalun marubucin. Ka lura da masu suna iri ɗaya, don a nan aka fi tafka kuskure.

2. Jera su, wadda aka fi ambata a sama, ka ba kowace lamba bi da bi, daga 1.

3. Biyo jerin, ka tsaya kan maƙala ta ƙarshe da yawan ambatonta bai gaza lambarta ba. In ambaton ya zo 12, 9, 5, 4, 2, ma'aunin 4 ne.

4. Duba wuraren da marubucin ya ambaci kansa, ka ware su, ka sake lissafin in kana son ma'aunin da ba ambaton kai a cikinsa.

Kada ka haɗa masanin tarihi da likita a wannan awo, domin yawan ambato a fannoninsu ba ɗaya ba ne.