Yadda zaka gane wanda ruwa ke ci, da yadda zaka sauƙaƙa wa mai ceto aikinsa

Jama'a abu na farko da nake so mu cire a ranmu shine wai wanda ruwa ke ci yana ihu yana ɗaga hannu a zo a cece shi. Wallahi yawanci ba haka bane. Mai nutsewa bashi da numfashin da zai ɓata wajen ihu, bakinsa na fitowa yana komawa, da ya ɗan leƙo sai ya ja iska ya sake shigewa, jikinsa a tsaye cikin ruwa kamar mai hawa tsani, kai ya karkata baya, hannuwa na dannan ruwa a gefe, ido a buɗe amma baya ganin kowa. Daƙiƙa 20 zuwa 60 kenan kafin yayi ƙasa. Zaka iya kasancewa kusa da shi kana zaton wasa yake. In kana shakka tambaye shi, lafiya? In bai amsa ba ɗaga murya ka kira mai ceto nan take.

Shi yasa mafi yawan aikin mai ceto da ido yake yi. Wancan da kake gani a saman doguwar kujera da usur a wuya ba hutawa yake ba, a wurare da dama ana horar da su cewa cikin daƙiƙa 10 idonsa ya zagaye ɓangaren da aka bashi, cikin 20 kuma ya isa ga wanda ke cikin matsala. Har sauya su ake yi akai-akai saboda ido na gajiya, ga rana ga ƙyallin ruwa. To dan Allah kar ka tsaya jansa da hira, kar ka miƙa masa waya wai ya ɗauke ku hoto, kuma in ya busa usur ka tsaya ka saurara kawai, ba raini bane, wani abu ya hango da kai baka gani ba.

Sai maganar yara, nan ne abin yafi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2021 kusan mutum 300,000 ruwa ya ci, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mai ceto ɗaya yana duba mutane da yawa, kai kuwa ɗanka kaɗai kake dubawa, saboda haka ƙaramin yaro kar ya wuce inda hannunka zai kai, ka ajiye wayar nan. In kuna da yawa ku fayyace wa ke gadi yanzu, don inda kowa ke ganin wani na kallo nan ne ba mai kallo. Balan-balan ɗin hannu kayan wasa ne, bai kai layif jaket ba, wato rigar nan mai hana nutsewa.

A bakin teku ka fara neman tuta. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya nan ne ake gadi, nan zaka shiga. Ja zalla kuwa kar ka shiga sam. In kaji ruwa na janka ciki da ƙarfi kar ka ce sai ka yi kokawa da shi ka dawo kai tsaye, gajiya ce zata kayar da kai, ka kwanta rigingine ka bari ruwan ya ɗauke ka kana ɗaga hannu ɗaya, ko kayi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ka fita daga layin da ke jan.

In kuwa babu mai ceto a kusa, kar zuciya ta ɗebe ka ka faɗa. Wanda ya firgita zai riƙe ka ya danna ka ƙasa ku tafi tare. Kwanta a gefe ka miƙa masa sanda ko tawul, ko ka jefa igiya, ko jarka mara komai mai murfi, duk abin da ke yawo saman ruwa.

Da an fito da shi duba ko yana numfashi. In babu, sa wani ya kira agajin gaggawa, kai kuma ka kwantar da shi ka ɗaga haɓarsa ka fara hura masa iska a baki, don iskar ce ya rasa, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, hura sau 2, haka zaka ci gaba har taimako ya iso. Kar ka ɓata lokaci kana matse ciki wai ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo yace garau yake ji a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu na iya kawo matsalar numfashi bayan wasu awanni.