Yadda Ɗalibin Zanen Gine-gine Zai Nazarci Salon da Ake Yayi

Mafi yawan abin da ɗalibin zanen gine-gine ya sani game da shahararrun gine-ginen zamani, ta hoto ya san shi, kuma hoton nan galibi an ɗauke shi ne a lokacin da ginin ya fi kyau, wato kafin masu shi su tare, kafin damina ta farko ta bar masa zane a bango. Hoto ba ya nuna kaurin bango, ba ya nuna inda ruwan sama yake bi ya sauka, ba ya kuma faɗin irin zafin da ake ji a hawa na ƙarshe da tsakar rana. Wannan ne ya sa ɗalibi zai iya jera sunayen salo goma da sunayen waɗanda suka ƙirƙiro su, amma idan malami ya tambaye shi me yake riƙe da rufin ginin da ya ce yana burge shi, sai ya yi shiru. Maganin wannan shi ne a rage yawan gine-ginen da ake kallo, a ɗauki guda ɗaya a bi shi daki-daki, sannan a yi amfani da abin da aka gano wajen auna sauran.

Kafin ka zaɓi ginin, kana bukatar ɗan jadawalin shekaru da za ka rataya komai a jikinsa, kuma ba sai ya yi tsawo ba. Walter Gropius ya kafa makarantar fasaha da zane ta Bauhaus a birnin Weimar na Jamus a 1919, ta koma Dessau a 1925, aka rufe ta a Balin a 1933 sakamakon matsin 'yan Nazi. A 1932 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya yi baje kolin da ya yayata salon fararen gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi marasa ado a matsayin salon duniya. A 1966 Robert Venturi ya fitar da littafin da ya soki tsaurin wannan salo, wanda ya buɗe ƙofar dawo da ado da kwaikwayon tarihi. Cibiyar Pompidou ta Paris, aikin Renzo Piano da Richard Rogers, an buɗe ta a 1977 da bututunta da matakalanta a waje kowa yana gani. A 1997 kuma aka buɗe gidan tarihi na Guggenheim a Bilbao ta ƙasar Sifaniya. Waɗannan sun isa a fara da su, sauran za su shigo da kansu yayin karatu.

Zaɓen gini da sake zana shi

Ka zaɓi ginin da aka wallafa cikakkun zanukansa, wato taswirar kowane hawa, da zanen fuskokinsa, da kuma zanen yanka, wanda yake nuna ginin kamar an tsaga shi daga rufi zuwa harsashi. Idan zanen yanka bai samu ba, ka nemi wani ginin, domin a nan ne ake ganin tsayin ɗaki, da kaurin dakali, da yadda haske da iska suke shiga. Gidan Villa Savoye da Le Corbusier ya zana a Poissy, wajen birnin Paris, wanda aka kammala a 1931, ya dace da mai farawa, saboda ƙarami ne kuma zanukansa suna cikin kusan kowane littafin tarihin gine-ginen zamani.

Sai ka zauna da fensir da rula ka sake zana shi da hannunka a ma'aunin 1:100, inda santimita ɗaya a takarda take wakiltar mita ɗaya a ƙasa. Ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen littafi a bi layi ba ya wadatarwa, gara ka auna, ka gina zanen daga farko, ka fara da ɗigon ginshiƙai kafin ka ja layin bango ko ɗaya. Da zarar ka yi haka za ka ga abin da hoto ya ɓoye: ginshiƙan kankare ne suke ɗauke da nauyin gidan, bangon kuwa labule ne kawai, shi ya sa mai zanen ya samu damar jan taga doguwa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da ginin ya rushe ba. Za ka lura cewa bangon hawan ƙasa ya lanƙwashe kamar kofaton doki, kuma idan ka bi lanƙwasar da fensir za ka gane cewa an yanke ta ne daidai da yadda mota take juyawa, ta shigo ƙarƙashin gidan, ta sauke mai gida a bakin ƙofa, ta wuce gareji. Za ka kuma ga gangaren da ya ratsa tsakiyar gidan tun daga ƙasa har zuwa lambun da ke kan rufi, sannan za ka tarar cewa a tsakiyar gidan ginshiƙan sun kauce daga jerin da suka faro da shi domin su ba wannan gangare hanya. Wannan kaucewa ita kaɗai darasi ce babba, domin tana nuna inda mai ƙa'idar ya sassauta ƙa'idarsa da kansa.

Bayan zanen, ka yanka kwali ka haɗa ƙaramin samfurin ginin, ka bar rufin a sake yadda za a iya ɗaga shi. Ka kai shi rana da hantsi, ka sake kai shi da la'asar bayan ka daidaita arewarsa da arewa ta gaskiya, ka duba inda inuwa take faɗawa. Manhajar kwamfuta tana iya nuna wannan cikin ɗan lokaci, kuma babu laifi a yi amfani da ita daga baya, amma a ganina wanda ya fara da kwali ya fi saurin gane lokacin da kwamfuta take nuna masa abin da ba zai ginu ba.

Tambayar abin da ya haifi salon

Salo ba ya faɗowa daga sama. A bayan kowanne akwai wani sabon kayan gini, ko wata doka, ko wani kayan aiki, ko kuma wani mai kuɗi da yake neman a san da shi, kuma aikin ɗalibi shi ne ya gano wanne ne a cikinsu ya fi tasiri a ginin da yake nazari. Ginin Seagram da Mies van der Rohe ya zana a New York, wanda aka gama a 1958, misali ne mai amfani. Ana yabonsa da cewa yana bayyana ƙashin ƙarfensa a fili, alhali dokar kariya daga gobara ta tilasta a lulluɓe ginshiƙan ƙarfen na gaskiya da kankare. Sandunan tagulla da ake gani a tsaye a fuskarsa manna su aka yi a waje, kuma ba su ne suke ɗauke da benen ba. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ƙara karɓar maganar "gaskiyar kayan gini" ba tare da ya duba zanen yanka ba.

Haka nan ginin Bilbao na Frank Gehry. Lanƙwashe-lanƙwashen jikinsa sun yiwu ne domin ofishinsa ya yi aiki da CATIA, manhajar da kamfanin Dassault na Faransa ya ƙirƙira don ƙera jiragen sama, wadda ta ba da damar a lissafa siffar kowane ƙarfe a aika wa masu ƙira. Yaɗuwar gine-gine masu murɗaɗɗen jiki a shekarun da suka biyo baya, har da cibiyar Heydar Aliyev da Zaha Hadid ta zana a Baku, ba za a fahimce ta ba sai an haɗa da tarihin irin waɗannan manhajoji.

Abin da ake yayi a yanzu kuwa yawancinsa yana komawa ga lissafin hayaƙin da ke ɗumama duniya, domin sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake saki. Daga nan ne aka samu dogayen benaye na katako, irin Mjøstårnet da ke garin Brumunddal na Norway, mai hawa 18 da tsayin mita 85.4, wanda aka kammala a 2019. Ko a nan ma zanen yanka yana da abin faɗa, domin dakalan hawa na can sama na kankare ne, an sa su ne da gangan don ginin ya yi nauyi kada iska ta riƙa kaɗa shi har mazauna su ji. Daga wannan lissafi ne kuma aka samu masu ganin cewa gyaran tsohon gini ya fi rushe shi. Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, tare da abokan aikinsu, sun gyara gidaje 530 a unguwar Grand Parc ta birnin Bordeaux ta hanyar ƙara wa tsofaffin benayen baranda masu faɗi da ake iya rufewa, kuma mazauna suna cikin gidajensu aka yi aikin. Sun karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2021. A shekarar da ta biyo baya Francis Kéré ne ya karɓa, wanda makarantar firamaren da ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001 take da bulon ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama da silin, yadda iska mai zafi take samun hanyar fita.

Bin ginin bayan an tare

Wannan mataki ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake raba nazari da talla. Ka nemi abin da ya faru da ginin bayan shekara biyar ko ashirin: wa ya zauna a ciki, me aka sauya, me ya lalace. Rufin Villa Savoye ya yi ta yoyo, matar gidan ta yi ta rubuta wa mai zanen wasiƙun koke, kuma iyalin sun bar gidan a 1940. A Landan, a 2013, gilashin benen 20 Fenchurch Street da ya lotsa ciki ya tattara hasken rana ya jefa shi kan titi har ya narkar da sassan wata mota, sai da aka ƙara wa fuskar ginin abin tare rana.

Sai dai a nan ma ana bukatar taka tsantsan wajen ɗora laifi. An daɗe ana kafa hujja da rukunin gidajen Pruitt-Igoe na birnin St. Louis a Amurka, benaye 33 masu hawa 11 da Minoru Yamasaki ya zana, waɗanda aka fara rushewa a 1972, a kan cewa salon zamani ya gaza. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa raguwar mutanen birnin, da wariyar launin fata, da dogaro da kuɗin hayar talakawa wajen kula da benayen, duk suna da babban kaso a lalacewar wurin. Don haka idan za ka rubuta cewa wani gini ya gaza, ka rarrabe abin da ya fito daga zanen da abin da ya fito daga kuɗi ko siyasa, ka kuma nuna shaidar kowanne. Mujallar da ta wallafa ginin a watan da aka buɗe shi, da shafin intanet na ofishin da ya zana shi, suna da amfani wajen samun zanuka, amma ba a nan ake samun irin wannan labari ba. Rahotannin gyara, da jaridun birnin da ginin yake, da binciken da aka yi ta hanyar tambayar mazauna sun fi taimakawa.

Kai nazarin zuwa ɗakin zane

Yana da kyau ɗalibi ya san cewa tsarin da ake koyar da shi ma yana da tarihi. Zama a ɗakin zane ƙarƙashin malami guda, da gabatar da aiki gaban alƙalai, gado ne daga makarantar Beaux-Arts ta Paris. Darasin share fage kuwa, inda ake sa sabon ɗalibi ya sarrafa takarda da waya da katako kafin ya zana gini ko ɗaya, ya samo asali ne daga Bauhaus, kuma Johannes Itten ne ya fara jagorantarsa. Yawancin makarantu a yau gauraya suke yi tsakanin biyun, shi ya sa ake neman ɗalibi ya kawo misalan da suka gabata, a lokaci guda kuma ana neman ya zo da sabon abu.

Hanyar cika sharuɗɗan biyu ita ce ka ɗauko dalilin ginin ka bar siffarsa. Ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin matsalar da ginin ya warware, da wata jimlar da ke faɗin yanayin da ya sa maganin ya yi aiki, sannan ka duba ko filin da aka ba ka yana da wannan yanayi. Rufin da aka ɗaga don iska ta ratsa yana da amfani inda zafi ne abin gudu, amma inda sanyi ya fi tsanani ɓarna ne, kuma bangon gilashi da ya dace da wuri mai yawan gajimare yana iya mayar da ofis tanda a wuri mai tsananin rana. A ranar gabatarwa, ka manna zanen yanka na ginin da ka nazarta kusa da zanen yanka na naka aikin, dukansu a ma'auni ɗaya, ka yi alama da jan fensir a wuraren da ka bi shi da wuraren da ka saɓa masa. Idan alƙali ya tambaye ka dalilin saɓawar, ka amsa da abin da ake iya aunawa, kamar alƙiblar rana, ko tazarar ginshiƙai, ko kayan ginin da ake samu a kusa da filin. Bayan an tashi, ka rubuta tambayoyin da ka kasa amsawa a bayan takardar zanen, ka zaɓi gini na biyu daga wani zamani ko wani yanayi dabam wanda yake da amsar ɗaya daga cikinsu, ka sake faro aikin daga ɗigon ginshiƙai.