Yadda za ka haɗa majalisar masu karanta rubutunka, kuma ka riƙe su kar su watse

Wani ƙanena ne ya tare ni ranan a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce min, "Yaya wai ya kuka yi majalisarku ta karatu har yanzu ba ta mutu ba, mu tamu wata biyu ta yi kowa ya kama gabanshi?" Na ce mashi wannan ba maganar tsaye ba ce a bakin titi ga 'yan acaɓa na ta hon, bari in zauna in rubuta, in ya so wanda duk ke da irin wannan tambayar sai ya ɗauki abun da zai mashi amfani.

Majalisar da nake nufi ba irin wadda ake zama ana kallon masu wucewa ba ce. Wuri ne da mai rubutu zai zo da abun da ya rubuta, gajeren labari ne ko waƙa ko wani ɗan sharhi kan rayuwa, ya karanta a gaban mutanen da suka damu su ji, su kuma su faɗi abun da ke bakinsu. Kuma abun ba baƙo ba ne a garin nan. Garin Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani ne fa, garin Gobarau, inda karatun zaure ya ginu a kan malam na jan baƙi ɗalibai na zagaye da shi suna tambaya. Ko da boko ta zo ma, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 nan aka kafa ta. Haka da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatu na cikin abun da ya sa mutane suka ɗauke ta tasu, kuma duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san 'yan zaɓi sonka, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba amma gaisuwa a kati ta maida su dangi har suna zuwa ma juna biki. To wannan zumuncin shi nake so ka nema, rubutun dalili ne kawai.

Fara da mutum biyar ko shida. Kar ka yi gayya. Kuma don Allah kar duk su zama marubuta, wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan zaman, in ka tara marubuta zalla kowa jira yake a zo kan nashi, ba wanda ke sauraren wani. Nemo masu karatu na gaskiya, wanda ba ya rubuta komai amma in ya ɗauki littafi sai ya ga bangon baya. A tamu akwai tela, akwai malamin firamare, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti, akwai ɗalibai biyu daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma wallahi gyaran da ya fi amfanata daga wajen telan yake fitowa, don shi ba ruwanshi da wasu ƙa'idojin adabi, cewa kawai zai yi "Malam, mace ba ta magana haka da uwar mijinta," kuma in ka duba sai ka ga gaskiyarshi.

Wuri kuma ya zama guda ɗaya, lokaci guda ɗaya. Zauren gidan wani, ko ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gida, ko aji ɗaya a makarantar unguwa in hedimasta ya yarda. Mu Asabar muke yi bayan La'asar zuwa kiran Magariba, kamar awa biyu kenan, kuma daɗin wannan lokacin shi ne ba sai wani ya ce a tashi ba, ladan ne ke rufe taro. In ka riƙa canza rana yau Asabar gobe Talata, mutane za su gaji da tambaya su daina zuwa. Da azumi a ba da hutu, da damina a san inda za a fake, shi kenan.

Kayan aiki ba su da yawa: tabarma biyu, buta da kurfoti na shayi, gyaɗa ko dabino in an samu, sai littafi ɗaya na rubutu wanda zan yi maganarshi nan gaba. Wanda zai yi karatu a satin ya kai rubutunshi shagon kwamfuta a yi mashi fotokofi ko da uku ne a riƙa haɗa kai ana dubawa, don kunne kaɗai ba ya kama kuskuren rubutu.

To yanzu ga inda aikin yake. Mai rubutu ya karanta da bakinshi, da ƙarfi, kar ya wuce minti goma zuwa sha biyar. In ya gama sai ya yi shiru. Shiru fa na ce. Ba bayani, ba "abun da nake nufi a nan shi ne", ba kare kai. Wannan dokar tana da ɗaci, ni kaina ranar farko ji na yi kamar an ɗaure ni a kasuwa, ana ta fassara labarina ta inda ban nufa ba ni kuma an hana ni buɗe baki. Amma ka tuna ranar da rubutun nan zai je hannun wani a Funtuwa ko Daura ba ka nan balle ka yi mashi bayani, abun da ya fahimta shi ne abun da ka rubuta. In mutum uku cikin shida sun ɓace a wuri ɗaya, to ba su ne ba su da ganewa ba, hanyar ce ba ka share ba. Sai kowa ya gama sannan a ba ka minti biyar, kuma ko a nan ma ya fi kyau ka yi tambaya maimakon ka yi jawabi.

Sannan ƙarami shi ke fara magana. Ka riƙe wannan da kyau. Mun san kanmu, ai kirarin garin ma ya faɗa, kunya gare ku ba dai tsoro ba. In Baba ya riga ya ce "wannan labari ya yi kyau, Allah ya yi albarka," to an gama, ba yaron da zai ɗaga baki ya ce shi bai ga kyanshi ba, sai dai ka ji "haka ne Baba, haka ne." Shi ya sa muke farawa daga ɗalibai, a bi da shekaru a hau sama, dattijo ya zo a ƙarshe ya ɗaure zancen. Da farko dattijon namu bai so ba, ya ga kamar an ci mashi fuska, sai da na same shi a gida na ce "Baba, ai alƙali ba ya magana sai ya ji kowa," ya yi dariya ya ce ɗan nema, daga ranar shi da kanshi ke nuna yaron da zai fara.

Wanda zai yi gyara kuma a koya mashi ya nuna wuri. "Bai yi daɗi ba" ba gyara ba ne, "ya yi daɗi" ma ba yabo ba ne. A ce shafi na biyu, inda yarinyar ta shiga mota, a nan na daina yarda da labarin. Wannan shi mai rubutu zai iya ɗauka ya tafi da shi gida. Kuma rubutu ake gyarawa ba mutum ba, ranar da wani ya ce "kai dama haka kake" to an bar karatu an shiga wani abu daban, mai gida ya yi maza ya zuba shayi ya juya zancen.

Hira za ta kauce, kuma ka bar ta ta kauce, wani lokacin ma nan ne romon yake. An taɓa karanta wani labari da aka ambaci rijiya a ciki, sai wani ɗan Daura da ke cikinmu ya ɗauko zancen Kusugu da yadda suke zuwa kallo suna yara, daga nan aka faɗa zancen rijiyoyin unguwanni da suka ƙafe, dattijo ya ba da labarin yadda ake yashe rijiya a da, Magariba ta yi ba a koma kan labarin ba, amma mutum biyu sun tafi gida da abun rubutawa. Abu biyu ne kawai nake cewa a sa ma ido, siyasa da ƙwallo. Su waɗannan in suka shigo ba su fita, ɗan Arsenal da ɗan Barcelona za su cinye maka awa biyun nan tas. Barkwanci kam a sake shi, in Allah ya haɗa ka da Bahaɗeje a majalisa ai ka samu na taɓawa, haka Bafillace da Babarbare, yana sa wanda aka yi ma gyara mai zafi ya saki fuska.

Littafin da na ce a tanada, a ciki ake rubuta kwanan wata, wa ya zo, wa ya karanta me, da gyaran da aka yi tare da sunan wanda ya yi shi. Amfaninshi ba wai don tarihi ba. Ranar da ka gyara rubutunka ka dawo da shi, sai ka ce a gaban kowa, "wannan wurin Malam wane ne ya nuna min, ga yadda ya koma." Ka kalli fuskar mutumin a lokacin. Yaba kyauta tukuici ne, kuma mutumin da ya bar shagonshi ya zo ya zauna awa biyu yana sauraren ka kyauta ya yi maka, ba bashi ya biya ba. Marubuta da yawa suna ɗauka su ne ke yi ma masu karatu alfarma, ni a ganina abun a juye yake. In Allah ya sa rubutun ya fita, ko a jarida ko a littafi, sa sunayensu a godiya in sun yarda, kuma kai masu nasu kwafin har gida kar ka ce su saya.

Kuma zumuncin kar ya tsaya a tabarma. Wanda bai zo ba sati biyu a kira shi, ba don a tuhume shi ba, a ce dai mun ga ba mu gan ka ba lafiya. In an yi mashi haihuwa a je suna, in rashi ne a je ta'aziyya tare, in yana kwance a je dubiya ko da lemu ne a leda. Akwai wanda cikinmu bai fi sau uku ya buɗe baki ba a shekara guda, yana zuwa ya zauna a gefe ya sha shayi ya tafi, har wasu na cewa me ma yake zuwa yi. Ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ne ya fara zuwa, kuma a nan bakin gadon ya faɗa min wani layi daga abun da na karanta wata takwas baya, kalma da kalma. Tun ranar ban ƙara raina mai shiru ba.

Maganar mata. Kar a yi kamar babu su, don in ana zancen karatun labaran Hausa su ne kan gaba, a rubutawa da karantawa, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta mata ce zalla. Amma zaman ƙofar gida ba zai yi masu ba, kowa ya sani. Ko dai su yi tasu a cikin gida da hantsi, ana musayar rubutu tsakanin majalisun biyu, ko kuma sau ɗaya a wata a haɗu a aji ko ɗakin taro da rana tsaka, da sanin iyaye da mazaje. Mu ta farkon muka bi, ƙanwata ke kai masu takardun ta dawo da su cike da jan biro, kuma gaskiya sun fi mu rashin sassauci.

Sai kuɗi, wanda saura kaɗan ya kashe mu. A shekara ta biyu muka ce bari mu zama ƙungiya, aka zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji da fi'aro, aka sa kuɗin wata. Wata uku duk zaman ya koma wa ya biya wa bai biya ba, waɗanda ba su da shi suka fara jin nauyin zuwa, telan nan ma ya ɗauke ƙafa. Sai da muka rushe komai muka koma yadda muke, wanda ke da hali ya kawo sukari wani ya kawo gawayi, ba a rubutawa ba a tambaya. In kana son rajista da kati akwai ƙungiyar marubuta ta ANA, je ka shiga, abu ne mai kyau, amma majalisa daban take.

In kun fi mutum sha biyar, a raba biyu, don daga nan masu kunya sun daina samun fili. Baƙo kuma in ya zo a ba shi kofin farko, a tambayi sunanshi da unguwarsu, amma kar a matsa mashi ya yi magana ranar.

Akwai Asabar ɗin da za ka shimfiɗa tabarma ka hura gawayi mutum ɗaya ne zai zo, musamman da sanyin hunturu ko sati na bayan sallah. Kar ka naɗe tabarmar, kuma kar ka ɓata lokacin da zagin waɗanda ba su zo ba. Karanta mashi kamar su goma ne, ka yi shirunka ya faɗi nashi, ku sha shayin har na uku, ka rubuta sunanshi a littafi. Sauran kuma ka kira su ranar Lahadi ka gaya masu abun da aka karanta da wanda ke da layi sati mai zuwa.