Yadda Ake Gasa Kek Ɗin Bikin Ranar Haihuwa A Tukunyar Yashi

Uwargida, ko babu obin za ki fitar da kek mai laushi. Ki tanadi fulawa giram 250, sukari giram 250, bota giram 250, ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɗan filebo.

Da farko ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, kaurinsa kamar yatsu uku, ki rufe ki ɗora a kan garwashi ya yi zafi na minti 15.

Sai ki buga bota da sukari da muciya har su yi fari su tashi. Nan ne aikin yake, kada ki yi gaggawa: idan kin murza a yatsa kin ji ƙwayar sukari, bai yi ba tukuna. Ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina bugawa, don idan kika zuba su gaba ɗaya kwaɓin zai tsinke. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda, ki zuba a kwaɓin tare da filebo, ki juya a hankali. Yawan juyi yana sa kek tauri.

Ki shafe gwangwani da bota, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin zuwa rabi. Ki ɗora a kan yashi, ki rufe, ki sa ɗan garwashi a kan murfi domin sama ya yi ja.

Kada ki buɗe kafin minti 30, iska na shiga tsakiya zai lotsa. Kuma kada hira da kallon talabijin su ɗauke miki hankali, ƙasan kek na saurin ƙonewa idan wuta ta yi yawa. Wajen minti 45 ki soka tsinke. In ya fito a bushe, ya nuna. Ki bari ya huce sarai kafin ki yi masa ado, in ba haka ba kirim zai narke.