Darasi na Tara: Ƙananan Jijiyoyin Jini na Cikin Ƙwaƙwalwa da Abin da Muke Cewa Gigin Tsufa

Iyayena da 'yan uwana barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau yana da ɗan tsawo, a bi shi a hankali, wanda karatunsa bai gama nuna ba ya matsa kusa da ɗan uwansa su ja baƙin tare, dama abin da ya tara mu kenan.

Bari in fara da kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne da ya shekara da shekaru yana taka keke a bakin kasuwa. Abu na farko da ya canza masa tafiyarsa ce. Mutumin da in ya fito masallaci sai yara sun haɗa da ɗan gudu kafin su cim masa, sai gashi yana jan ƙafa, taku ƙanana ƙanana, silifas na sharar ƙasa, in kuma aka kira shi daga baya sai ya yi taku huɗu biyar kafin ya gama juyowa. Can sai zura zare a allura ya fara gagararsa aka ce ido ne aka sayo tabarau. Sai lissafin kuɗin ɗinki, wanda da kafin ka rufe baki ya faɗa maka, yanzu sai ya tsaya yana kallonka shiru, amsar tana zuwa daidai fa amma sai ta makara. A gida kowa da nasa zancen, wasu suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce jifa ne, an sha rubutu an yi hayaƙi, sai ranar da ya faɗi a banɗaki aka kai shi asibiti aka auna jini aka samu ya hau har 190 bisa 110, shi kuma ya rantse ko ciwon kai bai taɓa damunsa ba.

Yadda jini yake ban ruwa a cikin kai

Wanda ya taɓa noman rani zai fi kowa saurin gane wannan. Ku ɗauki Kadawa, ruwa yana tasowa daga dam ɗin Tiga ya biyo babban kanal, daga nan ya shiga ƙanana, daga ƙananan ya shiga ɗan lambatun da zai kai shi fangalin tumatir ɗinka. Toh haka jini yake yi a ka. Akwai manyan jijiyoyi a wuya, sa yatsa biyu a gefen maƙogwaronka zaka ji ɗaya tana bugawa, su ne babban kanal. Suna shiga cikin kai su rarrabu su rarrabu har a kai ga wasu sirara kamar silin gashi, wasu ma ido baya ganinsu, kuma su ne suke nutsawa can tsakiyar ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki kenan, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗaukowa. Ga ci ga rashin rumbu, bata ajiye komai, in jini ya tsaya mintuna kaɗan wurin ya fara mutuwa. Wani abin kuma, waɗannan siraran da suke shiga can ciki kowacce ita kaɗai ke kai wa ɗan wurinta jini, babu maƙwabciyar da zata ara mata, in ta toshe fangalinta ya bushe shikenan.

Me yake lalata su? Babban ɓarawon shi ne hawan jini. Ka ɗauki injin ban ruwa mai ƙarfi ka jona masa siririn tiyo ka barshi yana aiki dare da rana shekara goma sha, ai kasan tiyon zai ji jiki. Bangon jijiyar yana yin kauri ya sandare, ramin cikinta ya tsuke. Ciwon suga ma yana cin bangon, taba sigari da shisha suna ci, yawan shekaru shi ma yana nasa, in kuwa suka haɗu a jikin mutum ɗaya abin sai ya yi sauri. Akwai wani nau'i na gado da ake kira CADASIL wanda masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi a 1996, shi yakan kama mutum tun yana ɗan talatin da wani abu ko arba'in ko da bashi da hawan jini, amma ba kasafai ake samunsa ba, don haka kar ya ɗauke mana hankali.

In jijiyar ta toshe gaba ɗaya sai ɗan wurin ya mutu ya bar ɗan rami, girmansa baya wuce milimita 15, kamar ƙwayar gyaɗa ko ƙasa da haka. Wani likita ɗan Kanada mai suna Miller Fisher da ya yi aiki a Boston ta Amurka shi ya zauna ya bi waɗannan ramukan ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar mamata ya yi bayaninsu a 1965, kafin shi kuma tun 1894 wani likita a Jamus, Otto Binswanger, ya ba da labarin masu ruɗewar tunani da aka samu farin sashen ƙwaƙwalwarsu ya lalace, kunga ba sabuwar cuta bace. Shi wannan farin sashen kamar wayoyin wuta ne da suke haɗa unguwa da unguwa a cikin kai, in jini yana zuwa masa kaɗan kaɗan baya isarsa sai wayoyin su fara lalacewa, saƙo yana tafiya amma a makare, shi ya sa lissafin kawu yake zuwa daidai amma sai an jira shi. Wani lokacin kuma jijiyar tsatsa take yi, ɗan ɗigon jini ya fita, ko ta fashe baki ɗaya jini ya zuba a cikin kai, wannan kam babbar magana ce. Likitoci sun ce a cikin shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya ke kawowa, wajen ɗaya cikin huɗu daga waɗannan ƙananan jijiyoyin ne. Da yawa kuma ramin yana faruwa mutum bai ma sani ba, yau ɗaya baɗi biyu, sai sun taru sannan gida su fara cewa Baba ya canza.

Abin da za a lura da shi a gida

Tafiyar da na faɗa muku ita ce ta fi saurin fitowa, jan ƙafa da yawan tuntuɓe da faɗuwa ba dalili. Sai nauyin tunani, a aike shi abu uku ya dawo da ɗaya, Inna da ta iya haɗa girkin biki sai ta tsaya gaban murhu ta rasa da wanne zata fara. Sai fitsari, ya matso mutum gaba ɗaya kafin ya ɗauki buta ya zubo, dattijo kuma kunya ba zata barshi ya faɗa ba sai dai a ga ya daina zuwa jam'i ya daina zama majalisa. Akwai mutuwar zuciya, mutum ya zauna tun safe har la'asar ba abin da yake sha'awa ko jikokinsa, a ce ya zama miskili alhali ciwo ne. Wasu sukan fashe da kuka ko dariya ba tare da an yi musu komai ba, kuma su kansu basa iya tsayar da shi, nan ne ake saurin cewa iska ce. Magana takan yi nauyi, ruwa ya riƙa sarƙe mutum.

Ni abin da yake ɓata min rai shi ne kalmar nan gigin tsufa, don da an faɗe ta an rufe magana, ba wanda zai ƙara tunanin asibiti. Tsufa gaskiya ne, amma ai duk mun san tsoho ɗan tamanin da yake kawo maka tarihin gari tiryan tiryan. Kuma ba kowace mantuwa ce ta jijiya ba, akwai cutar Alzheimer, akwai Parkinson mai sa karkarwa da jan ƙafa, akwai ƙarancin sinadarin B12 da ciwon damuwa waɗanda ana maganinsu mutum ya samu sauƙi, likita ne zai rarrabe. Hoton da ya fi nuna ciwon ƙananan jijiyoyi shi ne MRI, a ciki ake ganin fararen tabo da ramukan, yana da tsada kuma sai manyan asibitoci, amma ko ba a samu yinsa ba awon jini da na suga suna nan a asibitin sha-ka-tafi.

Wannan kuma a ja masa layi da biro. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta saki, ko magana ta harɗe, ko ɓari ɗaya ya mutu mutum baya jinsa, a nemi mota ko adaidaita a tafi babban asibiti a lokacin, ko da abin ya saki bayan minti goma. A duba agogo a riƙe lokacin da ya fara don likita zai tambaya, akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa huɗu da rabi kacal a inda ake da ita. Kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, maƙogwaron baya aiki daidai zai iya wucewa huhu. Addu'a a yi ta a cikin motar.

Abin da ke hannunmu

Wurin da ya riga ya mutu baya dawowa, gara in faɗa muku gaskiya, duk mai tallan magani a mota da lasifika da ya ce zai wanke maka jijiya kuɗinka yake so. Abin da ake iya yi shi ne a tare ɓarnar kar ta ci gaba, kuma a tare ta tun bata fara ba ga mu da muka haura arba'in.

Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa, ana rubuta su haka 120/80, a karanta ɗari da ashirin bisa tamanin. In ana samun 140/90 ko sama da haka a ranaku daban daban toh hawan jini ne ko kana jin kanka garau. Kafin a auna ka zauna minti biyar ka jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ka yi fitsari tukuna, banda surutu, banda shayi mai kauri ko goro ko taba rabin awa kafin nan.

In likita ya ɗora ka a kan magani, irin su amlodipine ko lisinopril ko wani, kullum ake sha. Nan ne mutanenmu suke faɗuwa wallahi, a sha kati ɗaya a ji wasai a ce an warke, ko a ce sai ranar da kai ya sara. Maganin riƙe jinin yake yi, ranar da ka sake shi ya koma inda yake. In yana kumbura maka ƙafa ko yana saka tari ka koma a canza maka wani, suna da yawa. Da azumi a tambayi likita ya mayar da shi sahur ko buɗa baki. Kar kuma ka sayi asfirin a kemis ka riƙa sha don ka ji ance yana tsinka jini, mai tsatsar jini a kai zai iya ƙara masa, sai likita ya ce. Su diclofenac da ibuprofen da ake haɗawa a leda don ciwon jiki suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda, ita ƙodar ma ai ƙananan jijiyoyi ne fal cikinta.

Iyaye mata ga naku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka abincin yini fa ba miya ɗaya ba. Dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, kanwa ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri, yajin tsire da na ƙuli akwai, toh ki lissafa tukunyarki ta jiya. A rage a hankali harshe zai saba, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta su cike gurbin. Wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga lokacin ciki ta riƙa awo ko bayan ta daina haihuwa. Tafiyar ƙafa ta rabin awa kwana biyar a mako tana taimakawa, mai suga ya riƙe sugansa, mai taba ya yi haƙuri ya ajiye.

Kawu dai yanzu yana kan magani, jikarsa ce take ba shi bayan asuba tana yin alama a kalanda. Tafiyar bata dawo yadda take da ba. An kawo masa fo kusa da gado saboda dare, an ɗauke tabarmar bakin ƙofa da take harɗe shi, an sa fitila a hanyar banɗaki, in ana masa magana abu ɗaya ake faɗa a jira ya amsa sannan a ƙara. Yana zuwa shago ya zauna, yaran suna ɗinki shi yana duba musu wuyan riga.

Aikin gida

Ku kwafi waɗannan kalmomin sau uku uku a littafinku, a kula da ƙugiyar harafi: ƙwaƙwalwa, jijiya, toshewa, faɗuwa, ɓari.

Ku rubuta waɗannan da lamba: ɗari da talatin bisa tamanin, ɗari da sittin bisa ɗari. Wanne ne a ciki yake buƙatar ganin likita?

Sannan ku faɗa da bakinku, in maƙwabcinka ya tashi bakinsa a karkace me zaka fara yi, me kuma ba za a bashi ba?

Na ƙarshe, a shafin baya na littafinku ku ja layi gida uku, ɗaya kwanan wata, ɗaya lambar sama, ɗaya lambar ƙasa. Kafin haɗuwarmu ta gaba kowa ya je asibitin unguwa ko kemis mai abin awo a auna shi, ya karɓi biro ya rubuta lambar da hannunsa, wanda yake da tsoho a gida ya tafi da shi a buɗe masa nasa shafin. A zo da littafin aji, da shi zamu yi darasin lissafi.