Kurakuran da aka fi yi wajen ƙara girman rubutu a allon kwamfuta

Da zarar mutum ya fara matse ido kafin ya karanta abin da ke kan allonsa, sai ya garzaya saiti ya rage lambobin da ke ƙarƙashin Display resolution. Rubutun kam zai yi girma, amma zai koma dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin mai. Dalili kuwa, kowane allon zamani an ƙera shi ne da ƙayyadadden adadin ɗigon haske, waɗanda ake kira fiksel. Allon Full HD yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In ka tilasta masa 1280 da 720, sai ya baza ɗigo kaɗan a kan gurbi masu yawa, gefen haruffa ya narke. In kuma ka zaɓi 1024 da 768 a allo mai faɗi, wani lokaci har da'ira sai ta koma kamar ƙwai.

Ga gyaran: a Windows 10 ko 11, shiga Settings, sai System, sai Display. Mayar da Display resolution kan wanda aka rubuta Recommended a gabansa, ka ƙyale shi a nan. Abin da kake nema tun farko yana sama da shi kaɗan, wato Scale. Ɗaga shi zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Rubutu da ƙananan hotunan manhajoji za su yi girma, kuma tas za su fito. Mai allon 4K, mai ɗigo 3840 da 2160, da wuya ya iya aiki a kashi 100, don rubutun zai zame masa kamar ƙwayar gero.

Akwai wurin da za ka iya rubuta naka adadin da hannu, daga 100 har 500. Ni dai ba na ba da shawararsa. Wanda ya zura 400 zai tarar maɓallin da zai gyara ɓarnar ma ya fice daga allon. In haruffa kaɗai ne suka yi maka ƙanana, Accessibility za ka nufa a Windows 11, ka ja ma'aunin Text size. A Windows 10 yana cikin Ease of Access.

Idan allo ya yi baƙi bayan ka canza lambobin Display resolution, kada ka yi gaggawar cire wuta. Ka ɗan jira daƙiƙa 15, Windows zai koma yadda yake da kansa tunda ba ka amince da canjin ba.

Sau da yawa ma laifin ba na kwamfutar gaba ɗaya ba ne. Shafin intanet guda ne ya ƙanƙance, saboda yatsa ya danne Ctrl yayin da ake murza tayar linzamin kwamfuta, wato mouse. Danna Ctrl da 0 a burauza, komai ya dawo daidai. Ctrl da alamar tarawa na ƙara girma. Haka masu aiki da Word kan ja ma'aunin ƙasa zuwa 200, su ɗauka rubutun ya yi girma, sai firinta ta fitar da shi ɗan ƙarami yadda yake. Wancan ma'aunin na ido ne kawai, girman harafi a takarda yana ga lambar da ke kusa da sunan salon rubutu, kamar 12 ko 14.

In kuwa ka duba jerin Display resolution ba ka ga lambar allonka ba sam, to matsalar ta wuce saiti. Buɗe Device Manager ka leƙa Display adapters: in ka ga Microsoft Basic Display Adapter, manhajar da ke tuƙa katin hoto ce babu, sai ka sauko da ita daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, wato Intel, AMD ko NVIDIA. Ka kuma leƙa bayan kwamfutar. In tsohuwar wayar VGA ce mai shuɗin kai, kuma akwai kafar HDMI a jikin kwamfutar da na allon, sauya ta.