Yadda ake ziyarar kwana biyu a Krakow, tsohon birnin sarakunan Poland

Duk wanda tafiya ta kai shi Poland, ko karatu ne, ko taro, ko kuwa yana zaune a Jamus da ke maƙwabtaka, bai kamata ya juyo bai taka Krakow ba. Masu garin "Krakuf" suke cewa, haka za ka ji ana sanarwa a jirgin ƙasa. A nan fadar sarakunan Poland ta zauna shekaru aru-aru, kafin Sarki Sigismund na Uku ya ɗauke ta zuwa Warsaw a 1596. Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da Warsaw kufai, amma gine-ginen Krakow suka tsira kusan gaba ɗaya. Shi ya sa abin da za ka gani a can tsohon gini ne na ainihi. Tun 1978 UNESCO ta saka tsohon garin cikin jerinta na farko na wuraren tarihin duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne, rubutu mafi daɗewa da ya ambaci garin da Larabci aka yi shi, labarin wani matafiyi daga Andalus mai suna Ibrahim ibn Yaƙub, wajajen shekarar 965.

Kwana biyu sun isa, muddin ka yarda da ƙafarka za ka ga garin, kuma ka haƙura da wasu wuraren. Ga yadda za ka tsara.

Mataki na farko: takardu da lokacin tafiya

Poland tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2007. In kana da takardar zama ta wata ƙasar yankin, fasfo ɗinka da katin zamanka sun wadatar. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana kuwa sai da bizar gajeren zama. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ana kuma neman inshorar lafiya wadda ta kai ta Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nemi bizarta. Bizar Ingila ba ta aiki a nan.

Batun lokaci, ni dai Mayu ko Satumba nake zaɓa. Yuli da Agusta mutane sun yi yawa. A Disamba da Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da sifili, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, ka ga rabin yininka ya tafi.

Mataki na biyu: sayi tikiti tun kana gida

Nan ne mutane suka fi yin sake. Fadar Wawel, da ramin gishirin Wieliczka, da gidan tarihin masana'antar Schindler, duk da awa suke shigar da mutane. In ka bari sai ka isa ƙofa, kana iya tarar da tikitin ranar ya ƙare. Shiga shafin kowannensu a intanet mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, ka zaɓi rana da awa. Ka kuma duba ranar hutunsu, domin gidajen tarihi da dama kan rufe ko su rage awannin aiki ran Litinin.

Mataki na uku: isa, masauki da kuɗi

Daga Warsaw, jirgin ƙasa mai sauri na PKP Intercity yana kai ka babbar tasha, Kraków Główny, cikin kimanin awa biyu da rabi. In ta sama ka zo, filin jirgin Balice yana da jirgin ƙasa da ke shiga wannan tashar cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Daga tashar zuwa ƙofar tsohon gari tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Kama ɗaki a gefen tsohon garin ko a unguwar Kazimierz. Kada ka kama wanda tagarsa ke kallon babban dandali, hayaniyar dare ba za ta bar ka ka runtsa ba.

Kuɗinsu zloty ne, ba Yuro ba. Kati yana aiki kusan ko'ina, amma riƙe 'yan canji a aljihu. Shagon canjin kuɗi "kantor" ake rubuta masa, kuma ka karanta allon farashi da kyau kafin ka miƙa kuɗinka, na kan titin baƙi sun fi tsuga. In za ka hau taragon cikin gari, da shigarka ka tura tikitin takarda cikin ɗan akwatin da ke buga masa lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, tara ce za ta biyo baya. Ran Lahadi yawancin manyan shaguna a rufe suke bisa dokar da ta fara aiki a 2018, ko da yake ƙananan shagunan Żabka da yawa kan buɗe.

Mataki na huɗu: ranar farko, bi hanyar sarakuna

Fita da sassafe da takalmi mai taushi, domin titunan duwatsu ne a jere. Fara daga Barbakan, wata zagayayyiyar ganuwa ta jan bulo da aka gina a ƙarshen ƙarni na 15, ka shige ta ƙofar Florian. Yawancin ganuwar birnin an rushe ta a farkon ƙarni na 19, aka shuka itatuwa a gurbinta. Wannan lambun, Planty, ya kewaye tsohon garin tsawon kusan kilomita 4, don haka ɓata ba ta da sauƙi: da ka ga itatuwa ka san ka kai bakin gari.

Titin Floriańska zai zube da kai a Rynek Główny, babban dandalin da aka shata a 1257, kowane gefensa kusan mita 200. A nan nake so ka daɗe. A tsakiyarsa akwai Sukiennice, tsohuwar rumfar 'yan tufafi, inda fatake suka yi cinikin yadi da gishiri da kayan ƙamshi. Yau tsaraba ake sayarwa a ciki, musamman sarƙoƙin ƙaron nan mai ruwan zuma da ake samu a gaɓar tekun Baltik. Zagaya rumfuna uku ko huɗu kafin ka saya.

Daidaita agogonka ka tsaya gaban cocin Mariacki, mai hasumiya biyu da ba su kai juna tsawo ba. Kowace awa, dare da rana, wata 'yar taga kan buɗe a can ƙololuwar doguwar, bakin ƙaho ya leƙo, a busa sau huɗu, kowace kusurwa sau ɗaya. Ma'aikatan kashe gobara ne masu busar. Saurara da kyau, za ka ji busar ta yanke ana tsakiyarta. Mutanen garin suna ba da labarin cewa kibiya ce ta sami mai gadi a maƙogwaro yana cikin gargaɗin harin Mongol na 1241. Harin tarihi ne, kibiyar kuwa almara ce, amma idan sautin ya katse kan tattabarun dandalin, mai busar ya ɗago hannu yana gaida jama'a, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Busar ƙarfe 12 na rana har gidan rediyon ƙasar yake watsa ta. Cikin cocin akwai sassaƙen katako da Veit Stoss ya shafe shekara 12 yana yi, daga 1477 zuwa 1489. Masu yawon gani da tikiti suke shiga ta ƙofar gefe, babbar ƙofa ta masu ibada ce. Wurin ibadar mutane ne, sai a rage murya, maza su cire hula.

Daga nan ratsa ka leƙa tsakar gidan Collegium Maius, gini mafi tsufa na Jami'ar Jagiellonia da Sarki Casimir Babba ya kafa a 1364. Nan Copernicus, masanin taurarin da ya ce duniya ce ke kewaya rana, ya yi karatu daga 1491. Minti 20 sun isa.

Bayan azahar ka bi titin Grodzka da Kanonicza zuwa tudun Wawel, a bakin kogin Wisła. Shiga harabar kyauta ne, amma kowane sashe na fadar da tikitinsa. Kada ka saye su duka, ƙafa za ta gaji kafin ido. In ɗaya za ka ƙara a kan ɗakunan sarauta, zaɓi sashen kayan Gabas. A can ake ajiye tantunan Daular Usmaniyya masu ado da tutoci da makamai, wasunsu ganimar yaƙin Vienna ne na 1683, wanda Sarki Jan Sobieski ya jagoranta. Duk wanda ya taɓa riƙe aikin hannu na kayan doki ko ɗinkin babbar riga zai tsaya ya daɗe gaban waɗannan tantuna. Babban cocin da ke gefe shi ne inda aka riƙa naɗa sarakuna a da, a nan kuma aka binne da yawansu. Wani matsattsen tsani na katako zai kai ka ga ƙararrawar Sigismund da aka zuba a 1520, mai nauyin kusan tan 13. Da yamma ka sauko bakin kogi, inda dodon ƙarfe yake fesa wuta lokaci-lokaci. Yara na son sa ƙwarai.

Mataki na biyar: abinci da salla

Naman alade ya yi yawa a girkin Poland, kuma yakan ɓuya inda ba a zata ba. Rubuta kalmomi uku a wayarka: wieprzowina naman alade ne, boczek tsokar cikinsa, smalec kitsensa. Pierogi ruskie, wani ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, ba nama a ciki, amma sau da yawa ana barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai. Ka faɗa tun wajen oda cewa albasa kawai kake so. Miyar żurek ma akan sa mata tsiran alade. Abin da ba ya ba da tsoro shi ne obwarzanek, burodi mai siffar zobe da ake sayarwa a shuɗɗan kekuna a kowace kwana. Akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa da Indiyawa, ka tambaya ko namansu halal ne, domin ba kowane kebab ba ne.

Garin yana da ƙaramar cibiyar Musulunci inda ake Juma'a, nemi adireshinta kafin ka taso. Sauran salloli a masauki za ka yi, alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni magariba tana kaiwa kusan ƙarfe 9 na dare. Banɗakin waje kuma sau da yawa alama ce kawai a ƙofa: da'ira na mata, mai kusurwa uku na maza.

Mataki na shida: rana ta biyu, gishiri da Kazimierz

Kama jirgin ƙasa na safe zuwa tashar Wieliczka Rynek-Kopalnia, ƙasa da rabin awa ne. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a nan, sai 1996 aka daina haƙar sayarwa, kuma shi ya cika baitulmalin sarakunan Krakow. Wanda ya san darajar gishirin Bilma a wurin ayari ba ya buƙatar dogon bayani. Da ɗan jagora ake shiga. Za ka fara da sauka matakala 380 na katako, juyi bayan juyi, jimillar matakalan hanyar kusan 800, har zurfin mita 135. Gishirin toka-toka ne kamar dutse, sai ɗan jagora ya kara fitila a bango ka ga haske ya ratsa shi. Ɗakin ibadar Kinga, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa, mahaƙa ne suka sassaƙa shi, daɓensa gishiri, fitilun da ke rataye ma ƙwayoyin gishiri ne. Riƙe 'yar rigar sanyi ko da bazara ce. Yawon yana cin awa biyu zuwa uku, a lif ake fitowa. Mai ciwon gwiwa ya yi shawara da kansa tukuna.

Za ka ga 'yan talla suna haɗa Wieliczka da Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a rana ɗaya. Ban ba ka shawara ba. Sansanin yana Oświęcim, kusan kilomita 70 daga Krakow, kuma mutane kimanin miliyan 1.1 aka kashe a can, akasarinsu Yahudawa. Wuri ne da ake zuwa da nutsuwa, a fito jiki a sanyaye. In kana son zuwa, ƙara kwana na uku, ka yi rajista tun da wuri.

Da la'asar ka sauka Kazimierz, garin da aka kafa a 1335 kafin ya zama unguwa. Yahudawa sun zauna a nan ƙarnuka, kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Krakow. Taka titin Szeroka ka ga tsofaffin wuraren ibadarsu, sannan ka haye gadar ƙafa zuwa Podgórze, inda 'yan Nazi suka killace su a 1941. A dandalin Bohaterów Getta kujerun ƙarfe ne a jere ba kowa a kansu, don tunawa da kayan ɗakin da aka watsar a wurin lokacin da aka kwashe masu su. Masana'antar Oskar Schindler, wanda ya ceci ma'aikatansa Yahudawa fiye da 1,000, tafiyar minti 10 ce daga nan, kuma labarin garin ne baki ɗaya a ƙarƙashin mamaya daga 1939 zuwa 1945 ake nunawa a ciki. Ware masa awa ɗaya da rabi. Daga dandalin kujerun akwai taragon da zai mai da kai wajen babbar tasha, sai ka ɗauki jakarka a masauki ka kama jirgin dare.